Kwamfuta Ta Ce Ta Ajiye

Duk wanda ya taɓa buga memwar ko rahoton istaj a ƙasar nan yana da wata ɗabi'a da ba a aji ya koye ta ba. Ya rubuta layi biyu ya latsa maɓallin ajiyewa, ya ƙara uku ya sake latsawa. Ɗauke wuta ne malaminmu a wanga darasi, musamman mu masu kwamfutar gwanjo wadda batirinta ya mutu tun a hannun mai ita na farko, da wuta ta ƙifta sai allo ya yi baƙi ƙirin. To amma ga abin da ya tsaya mini a rai tun da na fara karatun kwamfuta: lokacin da na'urar ta nuna maka ta ajiye, sau da yawa rubutun naka bai kai faifai ba tukuna. Yana nan cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ke shafewa da zarar wuta ta yanke. Alƙawari ta yi maka, cikawa sai an jima.

Tsakanin alƙawarin da cikawarsa akwai wani ɓangare na manhaja da ba ya fitowa a allo, ba kuma mai yabonsa. Shi ne tsarin ajiyar fayil. Shekara biyu ke nan ina aiki da Linux, babbar manhajar nan da aka buɗe rubutunta kowa ya karanta, ya gyara, ya raba kyauta, kuma a cikinta ba ɓangaren da ya ja hankalina kamar wannan. In manhajar kallon bidiyo ta rikice sai ka rufe ka sake buɗewa. In tsarin ajiya ya rikice, aikin wata shida ne ya tafi, ga sutnans saura mako biyu. Shi ya sa nake so, ƴan uwana ɗalibai, in ba ku labarin yadda ake gina shi, da yadda ake gwada shi, da yadda ake bin sawun matsala in ta auku. A ganina labarin ya shafe mu fiye da waɗanda suka rubuta tsarin.

Faifan da ke cikin kwamfuta, wanda muke ce wa diski dur, bai san wani abu wai shi fayil ba. Fili ne kawai da aka yanka gurabe-gurabe, miliyoyi, kowane da lambarsa. A tsarin ext4, wanda galibin masu Linux ke amfani da shi, gurbi ɗaya yawanci bayit 4096 yake ɗauka. Ku ɗauki faifan kamar babbar magaza a Kasuwar Dole ta Damagaram, tsarin ajiya kuma shi ne mai tsaron magazar da littafinsa: buhun wa ne wannan, a wace kusurwa aka jibge shi, ina ne ya rage babu kaya. Kowane fayil yana da katinsa, inda aka rubuta mai shi, da girmansa, da ranar da aka taɓa shi, da lambobin guraben da abin cikinsa yake. Sunan fayil ɗin ma ba a kan katin yake ba, yana cikin wani jeri dabam da ke cewa suna kaza na kati mai lamba kaza ne.

Yanzu ka ƙara shafi ɗaya a memwar ɗinka. Mai tsaro yana da aiki uku aƙalla: ya rubuta cewa gurbi kaza ya daina zama fanko, ya gyara katin fayil ɗin ya ƙara masa gurbin, sannan ya zuba rubutun naka a ciki. Faifai ba ya yin ukun a bugu ɗaya. In wuta ta yanke bayan an gyara kati amma ba a zuba rubutu ba, kana buɗewa sai ka ga tarkacen wani tsohon fayil da aka goge tun bara. In an zuba rubutu kati bai sani ba, aikinka yana kan faifai amma ba hanyar isa gare shi. Mafi muni, kati ya ce gurbin nasa ne, jerin gurabe ya ce fanko ne, gobe a ba wani fayil wurin ya kwanta bisa naka. Dukan wahalar wannan fanni a nan take: wane rubutu ke riga wane, kuma me zai rage in an tsaya a tsakiya.

Lokacin da Linus Torvalds, ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fito da Linux a 1991, aron tsarin ajiya ya yi daga wata manhajar koyarwa mai suna Minix. Tsarin ba ya karɓar sunan fayil da ya wuce harafi 14, ba ya kuma riƙe fiye da megabayit 64. Yau bidiyon biki ɗaya a salula ya fi haka. Wani Bafaranshe, Rémy Card, shi ya rubuta wa Linux nasa na kansa a 1992, aka sa masa suna ext, a farkon 1993 kuma aka fito da ext2, wanda ya yi shekaru yana aiki. Ext2 yana da sauri, amma game da ɗauke wuta ba shi da wata dabara sai bincike. In kwamfuta ta mutu ba shiri, da an kunna ta sai wata manhaja mai suna fsck ta bi faifan kati-kati, jeri-jeri, tana neman inda lissafi ya saɓa. A babban faifai wannan kan ci sa'o'i. Fayilolin da ta tsinta babu suna kuwa sai ta tara su a wata jaka da ake kira lost+found, wato ma'ajiyar tsintuwa, kowane da lambar katinsa a matsayin suna, mai shi ya zo cigiya.

A ƙarshen 2001 ext3 ya shiga zuciyar Linux, wadda masu aikin ke kira kanel, bisa jagorancin Stephen Tweedie. Abin da ya kawo shi ne littafin niyya. Kafin mai tsaro ya taɓa kati ko jerin gurabe, sai ya fara rubuta duk canjin da yake shirin yi a wani keɓaɓɓen wuri na faifan, ya rufe da alamar cewa niyyar ta kammala, sannan ya je ya aikata. In wuta ta yanke, da an kunna sai a duba littafin. Niyyar da ke da alama a sake aikata ta daga farko, wadda ba ta da ita a watsar kamar ba a taɓa yi ba. Binciken sa'o'i ya koma na ƴan sakan. Ban da haka, ext3 yana rufe niyya duk bayan sakan 5, kuma yana tabbatarwa abin cikin fayil ya riga katinsa isa faifai. Wannan hali na ƙarshe ba wata doka ce ta tilasta shi ba, amma mutane suka saba da shi har suka ɗauke shi haƙƙinsu.

Sai ga ext4, wanda aka ce ya nuna, ya isa amfani, a Disamban 2008, cikin kanel 2.6.28. Don ƙarin sauri ya zo da wata dabara: kada a yi gaggawar zaɓa wa sabon rubutu gurbi, a bar shi ya taru cikin ƙwaƙwalwa, in ya yi yawa a nema masa wuri ɗaya mai faɗi a jere. Dabarar tana da kyau, tana hana fayil warwatsuwa. Amma jiran kan kai kusan minti ɗaya, wani lokaci ya wuce. A farkon 2009 masu gwajin Ubuntu suka fara kuka: kwamfuta ta daskare, sun sake kunnawa, sun tarar da fayilolin saitinsu babu komai ciki, girmansu sifili. Abin takaicin, har tsohon rubutun da ke nan lafiya tun da can ya bi sabon ya ɓace.

Ga yadda abin ke faruwa. Manhajoji da yawa in za su sabunta fayil, sai su zuba sabon rubutun a wani fayil na wucin gadi, sannan su sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Tunaninsu shi ne, ko me ya faru, ko dai tsohon ya rage ko sabon. A ext3 haka abin yake kasancewa. A ext4 kuwa sauyin suna yana shiga littafin niyya cikin sakan 5, alhali abin cikin fayil ɗin yana can yana jiran a ba shi gurbi. In wuta ta yanke a wannan tsakani, suna ya koma kan sabon kati, katin kuwa fanko. An saki na hannu, na guje bai kamu ba.

Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya yi bayani cewa a ƙa'ida tsarin bai saɓa komai ba. Ƙa'idojin POSIX, waɗanda irin waɗannan manhajoji ke bi, ba su lamunce wa kowa cewa rubutu ya isa faifai ba sai in manhajar ta kira wani umarni mai suna fsync, wanda ma'anarsa ita ce: tsaya, kada ka amsa mini sai kayana sun sauka. Masu rubuta manhajoji suka ce su ba su nemi a sauke nan take ba, abin da suke so shi ne kada suna ya riga kaya, kuma fsync a ext3 yakan tsayar da kwamfuta cak na ɗan lokaci, shi ya sa suke gudunsa. An yi gardama mai zafi. A ƙarshe Ts'o ya rubuta faci, ya shiga kanel 2.6.30 a tsakiyar 2009: in ext4 ya lura an ɗora sunan tsohon fayil a kan sabo, sai ya gaggauta ba shi gurbi ya sauke kayan kafin a rufe niyyar sunan.

Mun taɓa raba dare muna wannan gardama a fadarmu, tun daga shayi na farko har na uku. Wani abokina mai son doka ya ce Ts'o ne da gaskiya, abin da ba a rubuta ba ai ba alƙawari ba ne. Na ce masa gaskiyar takardar ba ta hana mutumin yin facin ba, kuma don haka nake ganin girmansa. Wanda aka ba ajiya ba ya kare kansa da cewa ba a rubuta a hana ɓera shiga ba. Ɗalibar da fayil ɗinta ya koma sifili ba ta taɓa jin sunan POSIX ba. Ita dai ta latsa, an ce mata an ajiye. Duk da haka, darasin ɗaya ɓangaren yana nan ga duk wanda zai rubuta manhaja a cikinmu: rubuta sabon fayil, kira fsync, sauya suna, sannan ka sake kiran fsync a kan jakar da fayil ɗin ke ciki. Matakai huɗu ne kacal, tsallake ɗaya kuwa na iya zama hawayen wani.

Ni dai ba na son karɓar magana haka kawai, sai na gwada da hannuna, kuma kowa na iya yi ba tare da ya sa kayansa cikin haɗari ba. Akwai manhaja mai suna QEMU da ke ƙirƙiro kwamfuta cikin kwamfuta, faifanta fayil ne kawai da ke zaune bisa naka. Na girka Linux a ciki, na rubuta wata ƴar manhaja da ba ta da aiki sai ƙirƙiro fayiloli tana zuba musu lambobi, tana faɗa mini a allo inda ta kai. Tana tsakar aiki sai in kashe kwamfutar ta ciki farat ɗaya, kamar an fizge waya daga bango, in sake kunnawa in ƙirga. Idan babu fsync, allo ya ce an rubuta fayil kaza, amma na ƙarshe-ƙarshen ko babu su sam ko suna nan fanko. Idan da fsync, duk wanda allo ya ambata yana nan cif, sai dai aikin ya yi nauyi, kana ganin bambancin da ido. Tsarin kansa kuwa a duka biyun lafiya lau yake tashi, fsck ba ya samun abin gyara. Iyakar littafin niyya ke nan: magazar yake karewa daga rikicewa, bai ɗauki alƙawarin kowane buhu ba.

Abin da nake yi da hannu sau goma sha, masu wanga aiki suna yin sa da inji sau dubbai. Babban makaminsu wani tarin gwaje-gwaje ne da ake kira xfstests. Asalinsa daga kamfanin SGI na Amurka ne, don tsarinsu na XFS aka rubuta shi, amma yau da shi ake auna ext4 da Btrfs da F2FS da sauransu. Gwaje-gwajen ɗaruruwa ne, kowane da lambarsa, kuma al'adar ita ce in an gano aibi an gyara, sai a rubuta masa gwajinsa a ƙara cikin tarin, don kada ya dawo bayan shekara biyar ba a lura ba. Wasu gwaje-gwajen suna cika faifai maƙil su ga yadda tsarin zai yi. Wasu suna sakin ayyuka barkatai lokaci guda, wannan na gogewa, wancan na sauya suna, wani na yanke fayil. Akwai faifan bogi cikin Linux mai suna dm-flakey, wanda ake umarta ya dinga watsar da rubutu a ɓoye kamar faifan da wutarsa ta yanke. Akwai kuma dm-log-writes, mai adana kowane saƙo da aka aika wa faifai bi da bi, daga baya a sake zuba su ɗaya-ɗaya, a tsaya inda aka ga dama a tambaya: da a nan wuta ta yanke, tsarin zai tashi?

Kuma walla ana samu. A 2014 masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun ɗauki manyan manhajoji 11 da duniya ta amince da su, cikinsu har da Git da SQLite da PostgreSQL, suka duba me zai faru in an yanke su a tsakiyar rubutu. Sun gano wurare 60 da za a iya yin asara ko rikicewa. A 2018 wata tawaga a Jami'ar Texas da ke Austin ta bi tsofaffin rahotannin irin wannan aibi a tsarin ajiya, ta lura mafi yawansu ana iya tayar da su da aiki uku ko ƙasa da haka a kan faifai sabo fil. Sai suka gina abin gwaji mai suna CrashMonkey, da ke jera irin waɗannan gajerun ayyuka yana kwaikwayon ɗauke wuta a bayansu, ya kuwa tono sababbin aibobi 10 a tsare-tsaren da miliyoyin mutane ke amfani da su. Su da injuna masu yawa suka yi neman, amma kowane aibi da zarar an san shi, ƴan ayyuka ne ke tayar da shi, abin da ko kwamfutar gwanjo za ta iya maimaitawa.

Sanin akwai ciwo dabam, sanin inda yake dabam. A Oktoban 2018 kanel 4.19 ya fito, ba a jima ba mutane suka fara kawo ƙara cewa ext4 yana lalata musu faifai. Shi ne ke ihu a allo cewa lissafi ya saɓa, don haka kowa shi ya nuna wa yatsa. An yi makonni ana tono cikin rubutunsa ba a ga komai ba, ga shi matsalar ba ta zuwa in an kira ta, wani ta same shi kullum, wani ko sau ɗaya. Sai da aka samu waɗanda suka iya tayar da ita da gangan, aka bi sawu, sannan aka gane ba a ext4 take ba sam. Tana ƙasa da shi, a ɓangaren da ke jera saƙonni zuwa faifai, wanda ake kira blk-mq. Jens Axboe, mai kula da wannan ɓangare, ya gyara a farkon Disamba. Laifin ext4 kawai shi ne ya fi kowa yawan masu amfani, kuma yana lura in an taɓa masa kaya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Hanyar bin sawun ma abin koyo ce. Tsakanin kanel ɗaya da mai bi masa akwai canje-canje fiye da 10,000, ba mai iya karanta su duka yana neman ɗaya. Sai a yi dabarar raba biyu, da wani umarni na Git mai suna bisect. Ka san a nan lafiya, a can ba lafiya, to gwada na tsakiya. In lafiya, aibin yana rabin gaba, in ba lafiya yana rabin baya. Ka sake rabawa, ka sake. Gwaji 14 ko makamancin haka ya isa ya kai ka kan canji ɗaya tak. Amma dabarar tana da sharaɗi, sai kana da hanyar tayar da matsalar duk lokacin da ka so, in ba haka ba za ka ce lafiya inda ba lafiya, ka ɓace a daji. Shi ya sa a wannan fanni wanda ya iya cewa "yi kaza, yi kaza, za ka ga ta faɗi" ya yi rabin gyaran, ko da bai iya rubuta layi ɗaya na kanel ba.

Kada ku ce duk wannan tsohon labari ne. A Disamban 2023 masu Debian suna tsakar fitar da sabuntawa ta 12.3 aka gano kanel ɗin da ke ciki, 6.1.64, yana iya ɓata bayanai a ext4. An ɗauko wani faci ne daga sabon kanel aka liƙa a tsoho, ba tare da wani canjin da ya dogara a kansa ba. Suka tsayar da fitarwar, suka gargaɗi jama'a a fili kada kowa ya sabunta, nan da nan suka fito da 12.4 da gyara a ciki. Wani zai ce ga shi nan, ai kayan kyauta ke nan. Ni abin da na gani shi ne an faɗi facin da ya jawo, an faɗi dalili, kowa na iya zuwa ya karanta, har ni da ke zaune a Damagaram. Manhajar da aka rufe rubutunta ita ma tana da nata aibobi, sai dai a can naka jira ne kawai.

Tun da aka san ina wanga harka, ɗakinmu ya zama asibitin kile. Lokacin memwar kuwa har layi. "Don Allah ɗan uwa duba mini, jiya lafiya lau, yau kwamfuta ta ce sai an yi formataj." Amsata ta farko kullum ita ce kada ki yarda, kada kuma ki rubuta komai a kai. Ƙa'idar masu aikin ita ce ba a gyara a kan asali. Sai an kwafe faifan gaba ɗaya, gurbi-gurbi, da manhaja irin ddrescue, sannan a yi ta gwaji a kan kwafin. Daga nan TestDisk da PhotoRec, na wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier, sukan tsamo abin da ya rage. In faifan Linux ne kuma babban shafin da ke bayanin dukan tsarin ya lalace, ext4 yana da kwafinsa a wasu wurare, na farko yawanci a gurbi mai lamba 32768, a nuna wa fsck can ya tashi daga nan.

Abu biyu na lura da su a wannan asibiti nawa. Na ɗaya, galibin kile suna zuwa da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da littafin niyya. Fizge kile ba a sallame shi ba daidai yake da ɗauke wuta a zamanin ext2. Ɗan jiran nan kafin kwamfuta ta ce ka cire, a lokacin ne ake cika alƙawari. Na biyu, wani sa'in tsarin ajiya ba shi da laifi, kilen ne maƙaryaci. An rubuta masa jiga 64 a jiki, kwamfuta ma ta ce 64, alhali na gaskiya 8 ne, in ya cika sai ya dinga kwantawa bisa na farko ko ya watsar. Akwai ƴar manhaja kyauta mai suna f3 da ke cika kile da lambobi, ta sake karantawa, ta faɗa maka girmansa na gaskiya. Ku gwada sabon kile kafin ku ba shi memwar, tun mai shago bai manta fuskarku ba.

Galibin masu gina waɗannan tsare-tsare suna zaune a ƙasashen da ɗauke wuta labari ne na shekara-shekara. Sai sun rubuta manhaja ta musamman kafin su kwaikwayi abin da ke samunmu sau uku kafin azahar a watan Afrilu. Wanda ya zauna a ƙasar nan daga Agustan 2023, lokacin da aka yanke layin da ke kawo wuta daga Nijeriya, ya san abin da nake nufi. Ga zafin da ya wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga gurup da wutarsa ke hawa tana sauka, ga tsofaffin faifai da suka gama rayuwa ɗaya a Turai suka zo yin ta biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba masu kwamfuta kaɗai ba, salular Android da ke aljihunka kanel ɗin Linux ne a cikinta, hotunanka kuma yawanci bisa ext4 suke kwance ko bisa F2FS, wanda Samsung ta rubuta ya shiga kanel a 2013. Duk ran da batir ya mutu tana tsakar aiki ta tashi lafiya, gajiyar waɗannan mutane ka ci.

Amma yawancinmu in abu ya lalace sai mu ce ƙaddara, a yi formataj, a wuce. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba ta hana rubuta rahoto, formataj kuwa shafe shaida ne. Rahoto mai amfani ba ya buƙatar digiri: wane kanel, wane irin faifai, me kake yi a lokacin, me umarnin dmesg ya nuna, kuma in ka maimaita tana dawowa? Akwai ma umarni mai suna e2image da ke kwafe katuna da jerin gurabe kaɗai, ban da abin cikin fayilolinka, har yana iya rikita sunayensu, don ka aika wa masu gyara asirinka a rufe. Ingilishin da ake aikin da shi shinge ne gare mu masu Faransanci, kuɗin intanet ma shinge ne. Amma rahoto layi goma ne, xfstests kuma sau ɗaya ake sauke shi.

To ga shawarata ga ƙungiyarmu da ƴan uwa na Yamai da Maraɗi da Tawa. Mu nemi tsohuwar kwamfuta ɗaya da ba mai so, da faifai ɗaya da ba komai a kansa, mu mai da ita ta gwaji. A bar ta tana rubutu dare da rana a jikin wutar gari, babu batir, duk sanda aka ɗauke aka maido ta duba kanta ta ajiye sakamako. Wannan wata ext4, wata mai zuwa Btrfs, na gaba XFS. In ba mu kama komai ba, mun koyi Linux da hannu, mun kuma san tsarin da za mu ba amanar aikinmu. In mun kama, akwai layin da za a gyara cikin kanel saboda wasu ɗalibai a Nijar sun ƙi yin formataj. Kafin nan dai, memwar ɗinka ya kwana wuri uku: kwamfuta, kilen da aka gwada, da akwatin imel ɗinka.